Iskar Inna Magnhild

Tun ina yaro muryar Inna Magnhild ce ke tashin mutanen kwarinmu a lokacin hunturu. Gidansu ne na ƙarshe a gindin dutse. Mijinta, Baba Eilif, yakan hau doron dutse da sassafe, ya tona ƙanƙara ya ga yadda ta kwanta da inda iska ta tara ta, ya sauko ya faɗa mata. Ita kuma ta kira ƙaramin gidan rediyonmu ta ce sabuwar ƙanƙara ta kai gwiwa, iska daga yamma take, mashigin dutse a buɗe yake ko kuwa a haƙura. Ba gaisuwa, ba sallama. Tana gamawa sai ka ji ƙit, ta kife waya.

Hasashen da ke cikin wayar hannu na yanki ne gaba ɗaya, iskar mashiginmu kuwa halinta daban, shi ya sa masu zamiya a kan ƙanƙara suke jiran bakin Inna kafin su ɗaura katakon zamiya a ƙafa. Mace ce da ba ta iya ƙarya ba, ko ta kunya. Ita ce ta dubi ƙanwarta ranar aurenta ta ce kek ɗin ya bushe. Ita ce kuma, ranar da muka dawo daga kai wani tsoho gidan kula da tsofaffi da ke can ƙasan kwari, ta ce da ƙarfi a cikin mota, "Eilif dai a gidansa zai mutu, kowa ya ji."

Ni ne Tormod, mai tuƙa motar da ke share hanyar zamiya, kuma ban cika yarda da mutane ba, don na ga abin da suke yi in sun zaci ba mai kallo. Da aka ce gwiwar Baba Eilif ta matsa masa, sai aikin kafa rassa ya dawo hannuna. Kafin bikin Ista muke yinsa: a sassari rassan itace a jera su cikin ƙanƙara tun daga bakin gari har bukkar bayan dutse. In hazo ya rufe, mutum ba ya ganin komai sai reshen da ke gabansa, kuma ba wanda yake gardama da reshe. Tsohuwar hanya ta bi ta ƙarƙashin gangaren Svartlia ne, har shekarar da ƙanƙara ta zaftaro ta binne wa da ƙane. Tun daga nan muke zagayawa ta bakin tafki.

To bana, wata safiya na hau na tarar an tumɓuke rassan bakin tafki an jera su ƙarƙashin Svartlia. Na mayar da su ina zagin wanda ban sani ba. Da farko na zargi samarin da ke yawo da baburan ƙanƙara, na tare su a gidan mai, suka rantse har da kakanninsu. Sai na koma kan Ragnvald, wanda ya so a ba shi aikin aka ba ni, na daina amsa gaisuwarsa. Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Yadda aka kafa su ya yi kyau fiye da kima: tazara daidai, kowane reshe an ɗan karkata shi ya fuskanci iska. Ɗan iska ba ya ɓarna da irin wannan natsuwa.

A tsakanin nan ne kuma iskar Inna ta fara ba mu mamaki. Sama tas, hayaƙin gidaje yana tashi a miƙe, amma sai ka ji ta a rediyo tana cewa iska mai ƙarfi a mashigi, kada kowa ya hau. Na lura duk ranar da ta faɗi haka, in na hau sai in tarar an taɓa rassan. Wata rana ma na same su an riga an mayar bakin tafki, amma barkatai, aikin wanda hannunsa ba ƙarfi. Na dubi doron dutsen da ake cewa daga can labarin yake zuwa, babu sawun katako ko ɗaya.

Ba wanda ya ga Baba Eilif tun Kirsimeti. Mu kuwa a nan ba a tambaya. In ka ga labulen maƙwabcinka a sake, ka share masa ƙanƙarar ƙofa ka wuce, shi ne mutunci. Sai muka bar tambaya muka kama zargi. A shagon Oddny, inda ake shan kofi da waina mai cuku, wani ya ce tsohuwa ta fara kurɓar barasa, wani ya ce ta gaji da 'yan birni ne take korarsu. Oddny ta ce, "Ku dai ku duba firjinta, kila tsohon yana ciki." Aka yi dariya, ni ban yi ba.

Ranar da ta shigo sayen burodi na gwada ta.

"Inna, wai iskar nan taki a wane dutse take kaɗawa?"

"A wanda ba ka hau ba."

"Baba fa? Kwana biyu."

"Gwiwa ce."

"Gwiwar nan ta daɗe, Inna."

"Taka ce? Je ka ji da motarka, jiya ka bar mana hanya kamar gonar dankali."

Ta ɗauki burodinta ta fita, ni kuma na ƙara tabbata tana ɓoye wani abu.

Asabar ɗin Ista gari ya waye garau, bayan an kwana biyu ƙanƙara tana zuba, iskar yamma tana jibge ta a saman Svartlia. Da yamma ake sa ran hazo. Inna ta faɗa a rediyo cewa iska ce, kada a hau, amma wannan karon ba wanda ya kula, don ta sha faɗa ba a gani ba. Filin ajiye motoci ya cika da iyalai, jakunkuna cike da lemo da cakulan, ana jan jarirai a akwatin zamiya. Ni hankalina kwance, don jiya da yamma na bar rassan a bakin tafki.

Sai ga ta ta gangaro a kan katako, ba hula, tana haki, ta tsaya a bakin hanya ta gicciye sandunanta na zamiya.

"Ba mai hawa. Iska."

Wani ɗan birni ya ce, "Haba Kaka, ko gashin kanki ba ya motsi!"

Aka tuntsire, mutane suka fara ratsewa ta gefenta. Ta juyo gare ni.

"Tormod, ɗana, hana su."

"Da wane dalili, Inna? Faɗa mini, yanzu in gicciye mota."

Ta dubi taron. Solfrid, ma'aikaciyar jinyar da ke zagayen tsofaffi tana kai rahoton wanda ya kamata a kai gidan kula da su, tana tsaye kusa tana ɗaura wa 'yarta katako. Inna ta gan ta sarai, na ga ta gan ta. Wata mata mai jan jariri ta riga ta wuce ta kama hanya.

"Babu iska," in ji Inna, da muryar rediyo. "Ƙarya nake yi muku. Eilif ne. Kansa ya juye, ya manta an taɓa binne kowa a Svartlia. Da asuba yake sulalewa ya mayar da rassa hanyar da ubansa ya koya masa. Ni nake bin bayansa ina gyarawa. Yau ƙanƙarar ta fi ƙarfina, ban kai ba. Ku dawo da matar can."

Wani ya bi mai jaririn a guje. Solfrid ta miƙe a hankali, kowa ya san inda maganar za ta kai. Tausayi ya kama ni har na kasa kallon tsohuwar, na hau mota na tafi tumɓuke rassan.

Bayan Ista motar gidan tsofaffi ta zo. Baba Eilif ya fito da damin rassa a hammata, ya ƙi saki, aka bar shi da su. Ya gane ni. Ya ce, "Tormod, ka riƙa karkata su, in ba haka ba iska za ta kwantar maka." Sannan ya leƙo ta taga ya ce wa matarsa, "Magnhild, ki faɗa musu yau mashigi a buɗe yake."

Washegari ni na hau doron dutse, na tona, na sauko na faɗa mata. Ta kira rediyo ta ce sabuwar ƙanƙara ta kai idon sawu, iska a kwance, mashigi a buɗe. Muka jira ƙit ɗin nan da muka saba, bai zo ba. Duk kwarin muna jin numfashinta a cikin rediyo, har mai gabatarwa ya ce, "Inna, kina nan?"

Ta ce, "Ina nan. Ni kaɗai."