Hayaƙin Mama da Hayaƙin Jirgi

Mahaifiyata bandar kifi take yi a Mayo Gwoi tun kafin in yi wayo. Murhunta na ƙasa ne, da hannunta ta gina shi a bayan gida, ta ɗora masa ragar waya, kuma duk tarwaɗar da aka kawo mata daga bakin Binuwai a kansa take shan hayaƙi har ta yi ja. Da wannan murhu ta riƙe ni a makaranta har na zama malamin lissafi a wata sakandare a Nukkai. Saboda haka ranar da aka zo aka shafa masa jan fenti, alamar za a rushe shi, ni ma an taɓa ni.

Kafin fentin sai da aka yi taro. Mutanen wani ofishi mai kula da muhalli suka kafa rumfa a unguwa, suka tara mata masu banda, suka zo da wani baƙo mai kwat wanda aka ce da safen nan jirgi ya sauke shi daga Abuja. Baƙon ya ce gwamnati tana da wata manhaja a kwamfuta mai hasashen hayaƙin gari na shekaru masu zuwa: na motoci, na itace, na jiragen sama. Ya ce manhajar ta nuna jirage za su ƙaru ƙwarai saboda Jalingo tana bunƙasa, hayaƙinsu ma zai ƙaru, don haka dole a rage a wani wurin. Wurin da suka zaɓa shi ne murhunan banda na bakin rafi. Kafin damina ta sauka za a kawar da su.

Na ji maganar nan har cikin ƙashina. Wato don waɗanda ba su taɓa gaishe da uwata ba su ƙara hawa jirgi, ita za ta kashe wutarta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ɗaga hannu, na ce ina so in ga lissafin da idona, in ga jirage nawa suka ɗauka za su riƙa zuwa, kuma wa ya faɗa musu.

Baƙon ya yi murmushin da ake yi wa mai tambayar banza. Ya ce, "Malam, ai a buɗe take ga kowa. Mun yi lancinta, an yi bikin buɗewa. Duk wanda ya ga kuskure ya kawo mana shaida, za a dakatar da aikin."

Da muka koma gida Mama ta ce, "Kai ne ka san lissafi. Je ka duba mani abin nan, ko dai ya ƙirga murhuna sau biyu."

Na je. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa.

Ɗakin kwamfutar yana can ƙarshen baranda a ofishin. Ragowar ƙyallen da aka yanka ranar buɗewa yana nan ɗaure a jikin ƙofa, rana ta cinye launinsa. Ta taga na hango kwamfutar a kan tebur, an lulluɓe ta da zane mai kyau kamar kayan ɗakin amarya. Ƙofa kuwa da kwaɗo. Sakatariyar da ke zaune a baranda tana cin gyaɗa ta ce oga ya yi tafiya da makulli.

Na ce, "Madam, an ce mana an buɗe wa jama'a."

Ta dube ni da mamaki na gaskiya. "Eh mana, an buɗe. Ba ka zo ranar ba? Jama'a sun cika nan, har an raba shinkafa. Kai ne ka makara."

A nan na fahimci abin da nake fama da shi. Matar nan ba ƙarya take yi mani ba. A wurinsu buɗe wa jama'a biki ne: a sa rana, a kira manya, a yanka ƙyalle, a tafa, a ɗauki hoto. Biki kuma sau ɗaya ake yi. An yi, an gama, an rufe abu don kada ƙura ta ɓata shi. Mai zuwa daga baya ya ce zai taɓa, shi ne bai da kunya. Na tsaya ina kallon zanen nan ta taga, raina yana tafasa, don ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Na yi ta komawa. Yau babu wuta, gobe mai lambar sirri ya tafi kwas, jibi oga ya dawo amma yana mitin. Ina barin ɗalibaina da aikin allo in hau keke Napep in je in zauna a benci kamar mai neman aiki. Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas duk yammaci, Mama tana ta aikinta a gaban murhu mai jan fenti, ba ta tambayata komai sai dai ta dubi fuskata in na shigo.

A ƙarshe wata ma'aikaciyar ofishin, wadda muka yi aji ɗaya da ita a sakandare, ta gan ni a benci ta ji kunya. Ta karɓo makulli, ta yaye zanen, ta kunna. Ta ce, "Ka yi sauri don Allah, kada ka ja mani kwari." Kwari a bakinsu takardar tuhuma ce daga oga.

Manhajar ba ta da wani wuya. Layi-layi ne a gefe, kowane da abin da yake haifar da hayaƙi, sai wani zane mai hawa sama wanda yake nuna jimillar shekarun gaba. Layin itace ana iya ja a rage ko a ƙara. Na kama shi na rage, na cire murhunan bakin rafi gaba ɗaya, na Mama da na maƙwabtanta, kamar an riga an rushe su. Na dubi zanen. Sai da na matso da fuskata kusa da gilashi kafin na ga ya ɗan motsa. Na mayar, na sake cirewa, ko idona ne. Haka dai.

Sai na gangara layin jirage. Shi launinsa toka-toka ne, da ɗan hoton kwaɗo a gefe. Na danna, bai motsa ba. Na nemi inda aka rubuta jirage nawa suka ɗauka, babu. Hayaƙin da suka ce zai ƙaru kawai ake gani, tsaye kamar daga sama aka saukar da shi.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Wannan ba a taɓawa. Daga can ake sa shi, mu ma ba mu da iko."

Na ce ai shi ne tushen maganar. A kansa aka ce a rushe murhuna. Garin da wani satin sai ka ɗaga kai ka gaji ba ka ga jirgi ba, wa ya zauna ya yanke cewa za su cika sama? Ta ɗaga kafaɗa. Na ce to a buga mani abin da na gani a takarda. Ta ce ba a yarda ba. Na ciro waya zan ɗauki hoto, ta dafe hannuna, idonta ya kawo ruwa, ta ce zan raba ta da aikinta. Na mayar da wayar aljihu. Ba da ita nake faɗa ba.

Na samu ogan a ofishinsa, na faɗa masa abin da na gani: cire murhunan ba ya canja komai, layin jirage kuma a kulle yake. Ya saurare ni da ladabi har da ba ni ruwan sanyi. Ya ce, "Ina shaidarka, Malam?" Na ce tana cikin kwamfutarku, mu je in nuna maka yanzu. Ya ce shi ba ya aiki da baki, sai abin da manhaja ta fitar a rubuce. Na ce an hana ni fitarwa. Ya ce ƙa'ida ce. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, na ce masa sun gina rijiya sun hana guga, sannan suna tambayar mutane ina ruwa. Ya kira masinja ya raka ni bakin ƙofa.

Wata rana da hantsi masu rusau suka zo, da diga da shebur. Mama ta roƙe su su bari ta kwashe kifin da ke kan raga, suka bari, har ɗaya daga cikinsu ya taya ta ɗaukar tire. Ƙasar murhun ta gasu shekara da shekaru, ta yi tauri, sai da suka yi gumi kafin ta fashe. Ina tsaye ina kallo, ni mai lissafi, ba abin da na iya.

Da suka wuce gidan gaba, Mama ta zauna a kan turmi da tiren kifin da bai gama gasuwa ba a cinyarta. Ta ce, "Ka gani a cikin abin nan nasu? Hayaƙina ya yi yawa ne?"

Na faɗa mata gaskiya. Na ce na cire nata da na kowa, lissafin bai ko san an cire ba.

Ta dubi ƙasar da aka farfasa. Sannan ta ce, "Da ka ce mani ya yi yawa, da zuciyata ta fi kwanciya."