Babandi Bahago da Littafin Likita

A Kwandere aka haifi Babandi, kuma tun yana rarrafe aka gane bahago ne. Uwarsa ta yi iya yinta. Ta buge hannun, ta ɗaure shi da tsumma, har ta samu ya koyi cin tuwo da gaisuwa da miƙa kaya da dama kamar kowa. Alƙalami ne kaɗai ya ƙi. A makaranta an karya tsumagiya ba ɗaya ba a kan yatsunsa kafin malamin ya gaji ya ƙyale shi, don duk ajin babu mai tsabtar rubutunsa. Yakan karkata takarda ta kwanta a gicciye, don kada gefen hannu ya shafe tawada, sannan ya tafi kamar ruwa.

Ya gama makaranta a 1953, da ɗan Turancinsa daidai gwargwado. Uban ya ba shi wa'adi: shekara guda ya nemi aikin alƙalami a Lafiya, in babu, garma na nan tana jiransa. Ba don mugunta ba ne, tsohon ƙarfinsa ya ƙare, gonar doya kuwa ba ta noma kanta.

Wani kamfanin sayen riɗi da ke bakin kasuwa ya nemi ƙaramin akawu. Su tara suka zauna gwaji, Babandi ya riga kowa gamawa. Babban akawu, Malam Mahmuda, mutum mai ƙatuwar riga da fensir a bayan kunne, ya ɗaga takardar ya duba, ya gyaɗa kai.

"Rubutu ya yi, samari. Amma na ga hannun da ya yi shi."

"Ranka ya daɗe, da dama na miƙo maka."

"Na gani. To wane manomi ne zai yi noman shekara, ya kawo riɗinsa, a rubuta masa takardar awo da hannun tsarki? Cewa za su yi mun kore musu albarka, su koma wani kanti. Allah ya ba ka wani."

Aka ɗauki wani ɗan ƙanen matarsa, wanda rubutunsa sai ka ce kaza ta yi tono. Abin haushin, Malam Mahmuda bai ko ɗaga murya ba. Cikin fara'a ya yanke wa yaro hanyar abinci, ya koma yana ɓare goronsa.

Babandi ya fito ya cika ya yi fam. Ya gwada wurare biyu, ashe labari ya riga shi zuwa. Lafiya ta wancan lokaci ba ta da girman da za ta ɓoye bahago. Kowa ya ba shi haƙuri, haƙurin da ba a saye komai da shi a kasuwa.

Sai ya yi abin da mai fushi kan yi in ya rasa wanda zai daka: ya juya kan kansa. A ɗakin da yake raɓe a gidan gwaggonsa Jumai, kullum bayan sallar asuba sai ya ɗaure hannun hagu a bayansa da igiyar rama, ya zauna yana koyon rubutu da dama. Wata bakwai yana wannan. Igiya ta ci wuyan hannun har ya yi kanta. Gwaggo Jumai ta yi faɗa ta gaji. "Ɗan nan, Allah ne ya yi ka haka, kai kuma ka fi shi sani?" Bai saurare ta ba. Rubutun dama ya fito dai, ana karantawa, amma tafiyarsa ta hawainiya ce.

Saura wata biyu wa'adi ya cika sai ciwon tunjere, mai fitar wa mutum da miki a jiki, ya yi yawa a ƙauyuka, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Aka turo wani Bature likita rangadi, tare da malamin asibiti, wani Batibi mai suna Martin Akaa. Hannayen likita ba sa hutawa, daga duba miki sai taɓa kaluluwa a wuya, saboda haka yana bukatar wanda zai zauna gefensa ya rubuta duk abin da ya faɗa a kan kowane majiyyaci, da yamma ya juye shi tsaf cikin babban littafi. Martin ne ya tsinci Babandi a wurin mai shayi ya gaya masa.

"Aikin ba wuya, amma likita baya jira mutum. Yana magana, kana rubuta. In ka tsaya, ya wuce."

Washegari da hantsi aka zaunar da shi a ƙarƙashin rumfar zana, mutane sun yi layi har bakin hanya. Babandi ya cusa hagunsa tsakanin cinyoyi, ya ɗauki fensir da dama. Likita ya fara: suna, gari, shekaru, inda mikin yake, allura nawa. Kafin Babandi ya gama mutum na farko an kira na uku. Gumi ya keto masa. Ya tsallake layi, ya haɗa allurar wata tsohuwa da sunan wani manomi, Martin ya hango ya gyara da sauri. A mutum na goma likita ya leƙa takardar, ya yi tsaki, ya ce wa Martin a Turance a nemo wani gobe, wannan ba zai iya ba.

Babandi ya ji sarai. An kore shi don hagu, yanzu ga shi ana korarsa don dama. To da wanne ake so ya ci abinci, da ƙafa? Tunda dai korar ce, gara a kore shi yana shi kansa. Ya fizgo hagun, ya juya takarda a gicciye, ya damƙi fensir.

Likita ya ci gaba da magana, bai ma lura ba. Mutum na sha ɗaya, na sha biyar, na talatin. Likita na rufe baki fensir na tsayawa. Wasu a layi suka fara ƙus-ƙus suna nuna hannun da leɓe, Martin ya daka musu tsawa: "Magani kuka zo ko kallo?" Suka yi shiru, don mai miki a ƙafa ba shi da sararin zaɓen hannu.

Da rana ta take, likita ya wanke hannu ya ɗauki takardun. Ya dubi na safe, ya dubi na baya, ya dubi Babandi.

"Ka iya wannan, don me ka ɓata mana rabin safiya?"

Ta ina Babandi zai fara yi wa wannan mutum bayani? An ce ya dawo gobe, aiki nasa ne. Martin ya buga masa kafaɗa yana dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya tafi gida yana huci, gwaggonsa ta ɗauka an sake korarsa ne.

Ya yi rangadin nan har ƙarshe, daga baya aka zaunar da shi a asibiti. Likitoci suka zo suka tafi, shi yana nan a gefen tebur, har sunayen cututtukan da ba su da Hausa ya haddace. Ya ɗauki ɗan ƙodago ya noma wa tsohonsa gona, ya yi aure, ya yi iyali. Amma mutum ne mai saurin hawa har tsufansa, kuma in hira ta biyo ta kan wancan lokaci, abokai sukan zaci Malam Mahmuda zai zaga. Sai ya girgiza kai.

"Mutum ya ce hannunka ƙazanta ne, wannan jahilcinsa ne, shi ya sani. Ni da na yarda da shi, na ɗaure hannuna da kaina wata bakwai, ni ne har yau ban yafe wa ba."