Gahawar Sallamar Nedim

Hajrija ta ƙauyenmu, kusa da Travnik, baiwar Allah ce mai haƙuri. Ana gama zaman makokin mijinta, ƙaninsa Ramiz ya matsar da dutsen iyaka, ya cinye mata layi huɗu na itatuwan tuffa. Mutane suka ce ta kai ƙara. Ta ce a'a, ɗanta Nedim yana karatun lauya a Sarajevo, shi zai tsaya mata.

Shekara bakwai tana kallon Ramiz yana tsinke tuffar mijinta, tana kai kukanta ga Allah a kowace sujada. Nedim ya gama, ya wuce Turkiyya, wai ƙarin ilimi.

Da ya zo gida da babbar sallah, ta ɗauko takardun gona daga ƙasan akwati ta ajiye masa.

"To, lauyana, ga aikinka."

Ya yi ta sosa ƙeya. "Mama, ni fa Turanci nake koyarwa a jami'a can. Baffa Ramiz ne ya samo mini aikin. Na yi masa alkawarin ba zan taɓa maganar gona ba."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

Ba ta yi kuka ba, wallahi. A wajenmu, in baƙo ya ishe ka, gahawa tsararo kake dafa masa, shi ya san ma'anarta: ya kama hanya. Ita ta kawo wa ɗan cikinta, ko sukari babu. Ya shanye, ya ɗauki jakarsa.

Washegari ta ɗaura kallabinta, ta rungumi takardun da ba ta iya karantawa, ta hau mota zuwa kotu ita kaɗai.