Gwiwar Garrett Tuggle

A Cutler Wells, can yammacin Texas, rijiyoyin mai sun daɗe da ƙafewa, don haka abin taƙamar da ya rage wa gari shi ne ƙungiyar ƙwallon sakandare. Ƙwallon nan ta hular kwano da kafaɗun roba, wadda mutum zai runguma ya zura da gudu, ƙarti su bi shi su danne. Duk yammacin Juma'a ake rufe shaguna a tafi kallon 'ya'yan mutane suna karo kamar raguna.

Garrett Tuggle yana da shekara goma sha bakwai ya zama gwarzon wannan fili. Gajere ne kakkaura, mai wuya kamar turmi, kuma in ya sunkuyar da kai ya taho, yaran manoman audugar ƙauyukan kewaye sai su ba shi hanya. Ɗaliban makarantar duka ba su kai ɗari biyu ba, amma ba wanda ya ga dalilin tuna masa da haka. Mai aski ya daina karɓar kuɗinsa. Malamar lissafi ta koyi kau da kai. Shi kuwa ya sa wa ransa sai ya buga wa babbar jami'a, irin wadda ake nunawa a talabijin.

Ubansa Lonnie, mai shagon abincin dabbobi, ya fi shi ɗokin abin. A zamaninsa shi ma ya sa rigar ƙungiyar, shekara uku yana ɗumama benci ba a sa shi a wasa. Shi ya zauna ya cike takardun jami'o'i arba'in. Da ya zo kan tsawo, ya jingina Garrett da bango sanye da takalmin kaboyi mai dunduniya.

"Baba, ai ba da takalmi ake awo ba."

"Da ƙafa tsirara za ka shiga fili? Miƙe wuyanka, ka daina lanƙwashewa kamar uwarka."

Ya auna, ya ƙara inci biyu na albarka, ya rubuta.

Wata uku shiru, sannan wasiƙa ta iso daga wata babbar jami'a, ana gayyatar Garrett gwajin kwana biyu. Irinta dubu biyar aka buga, sunan kawai ake sauyawa. Koci Rasco, mai horar da yaran sakandaren garin, ya san haka sarai, amma yana son aikinsa, sai ya ce, "Lallai idonsu na kanka, yaro." Lonnie ya sa wasiƙar a gilashi ya rataye a shago, saman buhunan dusa. Aka yanka sa, aka gasa, rabin gari ya ci. Fasto ma ya sa shi a addu'a, tsakanin masu ciwon suga da roƙon ruwan sama.

Da suka isa jami'ar, kifin rijiya ya ga kogi. Samari ɗari shida ne a fili, kowanne gwarzon garinsu, wasunsu sai Garrett ya ɗaga kai yake ganin haɓarsu. Aka manna masa lamba 412 a ƙirji. Wani mai riƙe da allon rubutu ya ce, "Cire takalmi." Ya auna, ya duba takarda, ya sake duban Garrett.

"Ina sauran naka? A mota ka baro?"

Na bayansa suka kwashe da dariya. Aka sa shi gudun yadi arba'in, ya zuba iya ƙarfinsa har yana jin ɗanɗanon jini a maƙogwaro. Mai agogon bai ko ɗago ba, ya ce, "Na gaba." A hanyar dawowa, awa bakwai a mota, abin da Lonnie ya ce shi ne: "Agogon nan nasu da magana."

Garrett dai bai haƙura ba, kuma wannan dole a yaba masa. Ya rubuta wa ƙananan makarantu da hannunsa, da tsawonsa na gaskiya. Wata 'yar kwaleji a North Dakota, wadda ko a taswira sai an sa tabarau, ta ce ya zo, in zai biya wa kansa. A gida Lonnie ya shelanta cewa manyan arewa sun sace musu yaro.

Aikinsa a can shi ne ya tsaya a wurin atisaye 'yan wasan gaske su koyi kayar da mutum a kansa. Shekara biyu yana shan ƙasa, yana tashi, yana kaɗe riga. Kocin kwalejin bai taɓa riƙe sunansa ba, Texas yake kiransa. Sau ɗaya aka sa shi a wasa, saura daƙiƙa tara a tashi, an riga an lallasa su. Aka miƙa masa ƙwallo, ya ci yadi biyu, mutum huɗu suka zauna a kansa. Yana ƙarƙashinsu, ciyawa cike da baki, ya ji wani daɗi da bai taɓa ji ba a Cutler Wells, don waɗannan ba hanya suka ba shi ba, shi ya ƙwata.

Cikin hunturun shekara ta biyu, yana fitowa daga ɗakin cin abinci da kofin koko a hannu, santsin ƙanƙara ya kwashe shi a kan matakala. Gwiwa ta tashi aiki. Ya tattara kayansa ya dawo gida da sanda.

Kafin motarsa ta iso, Lonnie ya riga ya gama shirya labari: a wasan ƙarshe na gasa aka haɗa baki aka karya yaron, saboda an ga ƙwararru na zawarcinsa. Garrett ya buɗe baki zai gyara, ya dubi fuskokin da suka cika shagon, ya ga ba mai son jin zancen koko. Ya rufe.

Yau shekararsa arba'in da ɗaya, shi ke riƙe da shagon. Kowace shekara waɗanda suka karya shi suna ƙara yawa da girma a bakin mutanen gari, har akwai masu rantsuwa sun gani a talabijin. Shi ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, sai dai ya shafa gwiwar ya dubi nesa. Ɗingishin kan tsananta in baƙo ya shigo.

Matarsa Jolene, wadda ta san gaskiya tun kafin aure, takan bar shi ya gama, baƙon ya fita, sannan ta ce, "To gwarzo, in ciwon ya lafa, ga buhu talatin can a mota suna jiran a sauke."