Kujerar da Na Ce Ban Isa Ba

Shekarun baya, a ƙasarmu ba a neman muƙami da baki. Yau in na bi ta Kankiya sai in ga hotunan 'yan takarar kansila har a jikin itatuwa, kowa yana rantsuwa shi ya fi cancanta. A da kuwa, mutumin kirki in aka miƙo masa abu sai ya sunkuyar da kai ya ce bai isa ba, dattawa su matsa, ya sake ƙi, sannan ya karɓa kamar an tilasta shi.

Gab da tafiyar Turawa aka zo da sabon tsari: kowane gari zai ba da wakili a majalisar gunduma, ya zauna ɗaki ɗaya da hakimi, a ji ta bakinsa kan rijiya da burtali da rumfunan kasuwa. Kafin nan maganar talaka sai ta bi ta mai unguwa, ta bi ta dagaci, in ta isa ta isa. Ni kuwa ban daɗe da dawowa garinmu Kafinsoli daga fatauci ba. Na zauna Kumasi, na zauna Maraɗi, ina jin Turanci da Faransanci da Fulatanci. Kowa a gari ya san kujerar tawa ce.

Ranar da Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi aka taru a ƙofar gidan dagaci. Dattawa suka nuna ni. Baturen ya sa tafinta ya tambaye ni ko ina so. Na san halin Turawa sarai, na yi hulɗa da su a Kumasi, a'a a wurinsu a'a ce. Amma ana ta raɗe-raɗin wai yawo ya cire mini kunya, sai na so in nuna har yanzu ni ɗan gida ne. Na dubi ƙasa na ce ban isa ba, akwai manyana.

Da kunnena na ji tafinta ya ce masa mutumin nan ba ya so. Ina jin kowace kalma, amma ba halin in ɗago kai in gyara a gaban iyaye. Dattawa suna gyaran murya za su fara lallashina, Baturen ya riga ya juya yana tambayar ko akwai wani. Abokina, wanda muka yi kiwon awaki tare, wanda bai taɓa wuce Katsina ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ina so." Shi ke nan, an gama.

Da na gaya wa mahaifiyata, ko tsayar da kaɗin audugarta ba ta yi ba. Ta ce, "Kai da ka san su, mi ya kai ka yi wa Nasara kara?"

Ranar zaman majalisa abokina yakan biyo ta ƙofar gidanmu a kan sabon keke, ya kaɗa ƙararrawa ya ce, "Malam Ban-isa-ba, akwai saƙo wajen hakimi?" In yi dariyar yaƙe. Wata rana ya zo ya tambaye ni yadda ake ɗaure bakin rijiya da siminti a Maraɗi, na bayyana masa dalla-dalla. Aka gina, ta yi kyau, mata suka sa mata suna rijiyar wakili. Na daɗe ina aika a ɗebo mini ruwa daga tsohuwar rijiya, ina cewa ta fi daɗi. Ba ta fi ba.

Na ga yadda Asantawa ke zaɓen shugaba, na ga yadda Faransawa ke naɗa wanda suka ga dama, ban taɓa ganin inda mutum ya ƙi abin da yake so, sannan ya yi shekaru yana jin haushin wanda ya karɓa ba, sai a kaina. Abokina ya yi aikinsa da gaskiya, mun tsufa tare, ni na yi masa wanka da ya rasu. Duk da haka in na tuna hannun nan da ya ɗaga, har yau sai haushin ya dawo mini sabo.

Tun daga ranar da Di'o ya zo ba a sake lallashin kowa ya karɓi muƙami a garinmu ba. Wanda yake so, shi ke faɗi da bakinsa.