Safa Goma Sha Ɗaya da Na Warware

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar mahaifiyata, wadda duk unguwarmu a Kankia ke kira Inna Mai Saƙa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan dafa abinci in raba, in sa a yi mata addu'a, in yi kukana in share. Bana na kasa tsayawa a nan, domin wata biyu da suka wuce na gano abin da na aikata da hannuna bayan rasuwarta.

Inna ta koyi saƙa tun tana amarya, a wani ajin mata, lokacin mahaifinmu yana malamin asibiti. Sauran matan suka kama hular jarirai da rigar sanyi suka mayar sana'a. Ita safa kawai ta riƙe, kuma ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. Wayoyin ƙafar keke huɗu ne kayan aikinta, ta goge bakinsu a dutse har suka yi santsi. Da la'asar za ta baje tabarma a inuwar bishiyar bedi, ƙullin zaren ulu yana cikin kwano don kada kaji su ja shi. Safarta ba ta ɓuya: tafin ninki biyu ne, babu ɗinki ko ƙulli a ciki, sannan akwai jan layi siriri a baki.

Muna yara ta saƙa mana bibbiyu kamar ta kowa. Da muka girma sai aikin ya canza. Ta koma saƙa ƙafa ɗaya ɗaya, wata guntuwa kamar an sare gabanta, wata mai faɗi, wata a karkace. Kowace ta gama sai ta soka tsinken tsintsiya a ciki ta ajiye a kwando. Ni malamar makaranta ce, ga ni da bakin gyara wa mutane aiki. Na sha ɗaga ɗaya in ce, "Inna, ina 'yar'uwar wannan?" Ita kuma ta ce, "Ba ta da 'yar'uwa," ta ci gaba da lissafin idon saƙarta. A kan haka na yanke hukunci cewa tsufa ya fara taɓa mata kai. Ban bar shi a cikina ba, na faɗa wa yayana, na faɗa wa maƙwabta, har wasu suka fara yi mata magana da ƙarfi kamar ba ta ji.

Bayan sadakar bakwai muka buɗe ɗakinta. A kwandon nan na tarar da safa goma sha ɗaya, babu biyun da suka yi daidai. Na ce zare mai kyau ba zai lalace a banza ba. Na zauna da hantsi na warware su tas, na naɗe zaren na ba matar ƙanena, ta saƙa wa filas ɗinta riga. Tsinkayen kuwa na share su da sauran shara. Ɗaya kaɗai ta tsira, wadda ke kan wayoyin ba a gama ba, ita ma don na ga sawun hannun Inna ne na jefa ta a akwati. Ranar har yabon kaina na yi, wai na iya tattali.

Akwai wata mai nono daga Kaikai da ke shigowa gidanmu duk ranar kasuwa. Zan kira ta Gwaggo Hure, ba sunanta ba ne, kuma da izininta nake wannan rubutu. Tana sauke ƙwarya sai su shige ɗaki da Inna a saki labule. Mu dai mun ɗauka hira ce ta tsofaffi. Ranar sadakar arba'in ta zo, tsakar gida cike da mata, ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Ɗiyata, Hajiya ba ta bar mini komi ba?" Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. A raina na ce ga gawa ko sanyi ba ta yi ba an fara roƙo. Na ɗauko wani tsohon zane na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi addu'a, ta tafi. Ban sake ganinta ba sai bana.

Wata biyu da suka wuce na je suna a Kaikai. Na zagaya bayan ɗaki zan yi alwala, sai na ga tsohuwa zaune a kan turmi, sanda biyu jingine a gefenta. Ƙafa ɗaya gare ta. A ƙafar akwai safa da ta koɗe, an yi mata faci da zaren kitso ya fi sau goma, amma jan layin nan yana nan a baki. Butar ta suɓuce daga hannuna. Na tsaya ina kallon safar kamar Inna ce ta leƙo.

Ita ta fara gane ni. Ta ce in zauna, sannan ta faɗa mini abin da aka shekara ashirin ana yi a bayan labulen gidanmu ban sani ba. Ta yi ciwon kuturta tun da ƙuruciya, ta sha magani ta warke, amma ƙafafun sun mutu, ba ta jin ƙaya, ba ta jin zafin ƙasa. Tsakuwa za ta shiga takalmi ta wuni tana cin naman ba ta sani ba sai ta ga jini. Safar kanti kuma tana da ɗinki a wajen yatsu, ga matsi, ita ma ciwo take jawowa. Inna ta san irin waɗannan mata tun suna zuwa karɓar magani wurin mahaifinmu. Ita ke auna ƙafar da tsinken tsintsiya, ta karya shi daidai tsawonta, ta saƙa wa kowace ƙafa tata, tunda ciwon ba ya cin ƙafa biyu iri ɗaya. Gwaggo Hure ce ke kawo tsinkayen awon sauran matan, ta kai musu safar a ƙarƙashin faifan ƙwaryarta, daga Kusada har Fakuwa. Babu wadda ke so a san ta taɓa yin ciwon, saboda 'ya'ya da jikoki.

Na tambaye ta ɗayar ƙafar. Ta ce, "Ta hagun ce Hajiya ta auna sati biyu kahin ta kwanta. Ita na zo tambaya rannan, to mi zan ce gaban mutane? Da damina ta kama na shiga gona da takalmin roba haka nan. Gyambo ya zo, ya ƙi warkewa, aka yanke." Da ta ga yadda fuskata ta koma sai ta dafa ni ta ce abin da Allah ya rubuta ne. Na yarda da ƙaddara. Amma na san hannun da ya warware safa goma sha ɗaya, kuma na san bakin da ya ce Inna ta rikice.

Tun ranar nake tambayar kaina abin da Inna za ta ce da ta ga yau. A bakin titin Kankia safa ake zubawa a baro, ta roba, awo ɗaya ga kowa, ko kallonta ba za ta yi ba. 'Yata ta koyi saƙa a wayar salula, tana yin jaka da ɗan kwali tana ɗaukar hoto, na san wannan zai ba ta dariya, ta kuma gyara mata riƙon zare. Abin da na kasa hasashe shi ne kallon da za ta yi mini. Ta ji duk abin da nake faɗa a kanta, a gidanta, tana da amsar da za ta rufe mini baki da kalma biyar, amma ta zaɓi a ce ta rikice da a san sirrin matan nan. Wannan ya fi komai girgiza ni.

Da na dawo gida na buɗe akwatin. Safar tana nan a kan wayoyinta, tsinken a soke a jiki. Guntuwa ce, ta hagu. Na mayar da ita Kaikai washegari. Gwaggo Hure ta auna tsinken da tafin hannunta, sannan ta ce tata ce. Na ce zan ƙarasa ta ko don ta ajiye. Ta girgiza kai ta ce, "A'a, ɗiyata. Wagga kam warware ta. Ta dama ke buƙata."

Cikin masu safa goma sha ɗayan nan, ta ce uku suna raye. Ba ta faɗa mini sunansu ba, sai ta tambaye su tukuna, kuma ban ga laifinta ba. Inna ba ta bar gona ba, ba ta bar gidan haya ba. Wayoyi huɗu ta bari, da mata uku da har yanzu suke duba ƙafarsu kowace yamma kamar yadda ta koya musu.

Na warware ta sha biyun ina kuka, 'yata tana naɗe zaren. Yanzu ita ke koya mini, ni da nake gyara wa mutane aiki, kuma sau huɗu ina ɓata diddigen. Ranar kasuwar da ta wuce Gwaggo Hure ta zo a bayan babur. Na shigar da ita ɗakin Inna, na zaro tsinke daga tsintsiya, na saki labule. Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mini abin da na faɗa a kanta.