Gilashin Amare da Askar Gwaggo

Ana sallame sallar asuba munka bar Faraku, ni da taubashina, ɗan gwaggona, wanda ya taso takanas daga Malanbil don ya tafi da ni. Saƙon da ya kawo gajere ne: Gwaggo na kwance a Garu, jiki ya yi nauyi, kuma ta ce a kira mata ɗan ƙanenta mai hoto ya zo ya ɗauke ta. Wanda bai san Gwaggo ba ba zai gane girman maganar ba. Tun ina yaro matar nan ba ta yarda da kyamara. In ana biki anka ce a jeru, sai ta ja mayafi ta shige madafa. Hotonta ɗaya a duniya shi ne na jikin katinta na shaida, wanda ko ɗan da ta haifa ba ya shaida ta a ciki. Yau ga shi da bakinta ta aiko. Da na faɗa ma Baba, mahaifina, wanda ciwon ƙafa ya hana ma doguwar tafiya, sai ya ce in yi sauri.

Ku da kuke bin aikina kun san gilashin nan da nake ce ma gilashin amare. A gaban kyamara ake ɗaura shi, aikinshi ya tausasa hoto. Haske ya bazu a fuska, ƙuraje da tabo da tamoji duk su lafa, mutum ya fito luwai-luwai. Da shi nake cin abinci in lokacin bukukuwa ya zo. To shi kaɗai na ɗaura, na bar sauran gilasan a shago. Lissafina shi ne, tsohuwa ce, ciwo ya ci jikinta, ai tausayi ne in fitar da ita da kyau saboda jikoki. Har yaba ma kaina nake yi a zuci.

Kar ɗin da munka shiga, babbar motar fasinja, ta cika maƙil tun daga tasha. A Ndali mata sunka yanyame tagogi da wagashi, cukun Fulani mai jan baya, dala ɗari guda. Taubashina ya sayi biyu, ya ce ɗaya na Gwaggo ne, kafin mu kai Bembereke ya cinye duka biyun, ya ce ai likita ya hana ta maiƙo. Ban biye mishi ba, don na lura tun da munka tashi yake zuba surutu ba ƙaƙƙautawa, kuma na san shi: in hankalinshi ya tashi bakinshi ba ya rufuwa. Kamyo, manyan motocin ɗaukar auduga, na ta wuce mu suna rangaji, audugar da iska ta fizge ta maƙale a ƙayoyin bakin hanya fari fat.

Kusa da Kandi wani jandarma ya sa na buɗe jaka. Ya ɗauki kyamarar, ya kanga a ido, ya leƙa abokin aikinshi, sai ya miƙo mini ita da sauri ya ce da Faransanci gilashina ya yi datti, in samu in goge. Mota duk ta ɗauki dariya. Na ce mishi haka anka ƙera shi. Ya girgiza kai ya ce to an cuce ni.

Daga Kandi zafi ya fara magana. Itatuwa sunka ragu, kukoki sunka yawaita, garken shanu na tsallake kwalta ba su damu da kowa ba. Warin albasa ne ya fara gaya mana mun iso Malanbil. Kamyo sun yi layi har wajen duwan, ofishin kwastan, can gaba ga gada ta miƙe zuwa Gaya. A bakin kasuwa za ka ji Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci a ciniki ɗaya, kuma kowa ya gane kowa. Munka ratsa ta bayan rumfunan goro, inda tsohon gidan kakanmu yake. Daga Kabi ya zo da fatauci ya zauna nan, sunanshi anka sa mini, amma ban san kamarshi ba, don bai bar hoto ba. Matar taubashina ta kawo shinkafa da kifin gulbi da kopto, kwaɗon zogale irin na Dandi. Abinci mai daɗi, amma a tsaitsaye munka ci.

Kabu-kabu biyu munka hau zuwa Garu. Hanya ta bi ta fadamu, shinkafa kore shar a dama, fangalin albasa a hagu, injinan ban ruwa na ta kuka. Masu kekuna ɗauke da buhuna suna kauce mana suna cewa fofo, wato sannu da Dandanci. Na rungume jakata a ƙirji saboda gargada. Anan ne taubashina ya yi shiru, kuma shirun nan ya fi ba ni tsoro.

Bayan la'asar munka isa. Ɗakin Gwaggo duhu ne, taga ɗaya ƙarama, ita ma an toshe ta da tsumma. Da idona ya saba sai na gan ta a kan katifa, ta koma 'yar mitsitsiya. Abin da bai canza ba shi ne askarta, zanen gidanmu, dogayen layuka tun daga gefen baki har kunne, kunci biyu.

"Babana, ka iso?" Haka take kirana, don ba ta faɗin sunan mahaifinta.

"Na iso, Gwaggo. Ya jiki?"

"Jiki ya gode Allah. Ka taho da abin naka? To yi, kada mu ɓata lokaci."

Anka tayar da ita zaune, anka jingina ta da matashi, surukarta da ke jinyarta ta gyara mata farin mayafi. Saboda duhu na buɗe idon gilashin har ƙarshe, na ɗauka. Da na duba bayan kyamara sai da na ji daɗi. Hoto ya yi kyau ƙwarai. Fuska sumul, haske na kewaye da mayafin, ramar ciwo duk ta ɓoye. Na durƙusa na kai mata kusa da ido ina jiran albarka.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Wagga amarya ɗiyar wa ce?"

Mata sunka yi dariya a bakin ƙofa. Na ce, "Ke ce, Gwaggo."

"Ni? To ina askata?"

Na sake dubawa. Zanen na nan, amma ya narke, sai ɗan duhu-duhu a kunci wanda in ba ka sani ba za ka ce inuwa ce. Gilashin bai san bambancin tamoji da aska ba, duk ya shafe su tare.

Gwaggo ta ture kyamarar da bayan hannu. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma faɗa take yi. "Kai Babana, ashe ba ka da wayo. Ni da ban yi hoto ina budurwa ba, yanzu da ƙafata ɗaya ke cikin kabari za ni nemi kyau? Ba don ni na kira ka ba. Don ubanka ne."

Sai ta ba ni labarin da na san rabinshi. Kakanmu ya rasu Baba na cikin mahaifiyarshi. Ranar suna wanzami ya yi aski bai yi aska ba, don babu namijin da zai tsaya ya ce a yi, shi ya sa fuskar Baba take fili. Da ya fara wayo, yara na yi mishi gorin uba, sai ya riƙa zuwa yana tambayarta yaya kamar babansu take. Ita ce babba, ita ce kuma kowa ke cewa ta ɗebo kamar mahaifinsu, ga aska iri ɗaya, hannun wanzami ɗaya. Sai ta kama hannunshi ta ɗora a kuncinta ta ce ya dube ta, haka yake.

"Tun daga nan in ya yi kewar uba ni yake kallo," in ji ta. "Har da furfurarshi, in ya zo gaishe ni, ina ganin inda idonshi ke tsayawa. Kaf zuri'armu ni kaɗai na rage da askar ga. In anka rufe ni, wa zai duba?"

Kunya ta kama ni, baƙin ciki ya fi kunyar. Taubashina ya zaro waya ya ce bari ya gwada, sai ga tashi wayar ta fi gilashina munafunci, ta mayar da Gwaggo kamar 'yar tsana. Sauran gilasaina kuwa suna Faraku, tafiyar yini guda, kuma duk wanda ya ga numfashinta ya san ba a yi mata alkawarin jibi.

Dabara ɗaya ta rage. Gilashin amare, in ka tsuke idonshi ya zama ɗan ƙaramin rami, taushin na raguwa, hoto ya fito da kaifi. Sai dai ƙaramin rami na son haske mai yawa, kuma zane ba ya fitowa sai haske ya zo mishi daga gefe. Fitilar kyamara daga gaba take duka, sai ta ƙara shafe shi. Rana kuwa ta riga ta faɗa bayan gari. Na ce sai dai hantsin gobe, kuma sai an fito da ita waje. Surukarta ta ce ina, matar da ta yi makonni ba ta taka ƙofa ba. Gwaggo ta ce, "Ku bar shi. In Allah Ya kai mu, za ni fita." Ban taɓa jin nauyin "in Allah Ya kai mu" kamar na ranar ba.

Allah Ya kai mu. Da asuba na ji tarinta ta bango, na yi hamdala a fili. Da rana ta ɗaga kaɗan daga wajen gulbi, munka shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa. Munka zo ɗaukarta ta ƙi, ta ce ba a ɗauki ubanta zuwa ko'ina ba sai makabarta. Ta dafa kafaɗata, ta dafa ta ɗanta, tana jan ƙafa muna tsayawa, har munka kai. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma gumi ya jiƙa mini riga.

Na zaunar da ita rana na dukan kuncinta na dama. Da kanta ta janye mayafin baya har kunnuwa sunka fito. Na tsuke idon gilashin, na dafe gwiwar hannu a kan turmi don kada in yi rawa. Na ce ta ɗan saki fuska. Ta ce babanta ba ya murmushi a gaban mutane. Ta ɗaga haɓa, ta kafe ni da ido, na ɗauka.

Wannan karon kowane layi ya fito, har inda hannun wanzami ya ɗan karkace kusa da kunnen dama. Tamoji ya fito, rama ta fito. Taushin gilashin bai bar komai ba sai ɗan haske a bakin farin mayafin. Ta duba, ta kai yatsa kan kyamarar tana bin zanen. Ta ce, "Yawwa. Ga shi nan." Ba ta ce ga ni nan ba. Taubashina ya juya ya shige bayan rumbu, ya daɗe bai fito ba.

Ba ta bari na ƙara kwana ba. Ta ce in tafi in wanke hoton babba, in kai ma ƙanenta tun tana da rai. Na bar taubashina a wajenta, na kamo hanya ni kaɗai. Fadamu, Malanbil, layin kamyo, Kandi, duk na wuce su ban gan su sosai ba. A Ndali mata sunka miƙo wagashi ta taga, na tuna wanda bai kai ga Gwaggo ba, na kau da kai.

Washegari ina tsaye ana sa ma hoton katako sai waya ta yi ƙara. Taubashina ne, kuma a karon farko a rayuwarshi maganarshi ba ta fi kalma uku ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sa ta huta.

Abin da tafiyar ga ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya shige ni. Shekara da shekaru ina yanke ma mutane abin da ya kamata a ɓoye a fuskarsu, ban taɓa tambayar kowa ba. Ban jefar da gilashin amare ba, gobe ma akwai biki. Amma yanzu kafin in ɗaura shi sai na tambayi mai fuska wa za a kai ma hoton, kuma me yake so a gani.

Na shiga wajen Baba da hoton a hammata, ban san da wanne zan fara ba, hoton ko labarin rasuwar. Yana zaune a kan buzu, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo. Ya dubi fuskata ya ce, "Ta tafi ko?" Na ce ta tafi. Ya yi salati, ya yi mata addu'a, sannan ya miƙo hannu. Ya ɗora hoton a cinya, ya bi layukan da yatsa tun daga baki har kunne, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama sai ya kai hannun kan nashi kuncin da babu komai.

Na ce in rataye a bango? Ya ce a'a, bango ya yi nisa, in bar mishi nan inda hannunshi ke kaiwa.